ZIYARAR ƘASASHE UKU DA IYALI: DA ƘAFAR AUTA AKE AUNA ZANGO

A kowace shekara idan watan Yuli ya yi nisa, makarantu suka ba da dogon hutu, magidanta da yawa sukan yi sha'awar fita da iyalinsu waje domin yara su buɗe ido. Wannan abu ne mai kyau, gama an ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma sau da yawa sai ka ga mutum ya tara kuɗi shekara guda, ya lissafa ƙasashe huɗu ko biyar cikin mako ɗaya, a ƙarshe kuma a komo gida da yara marasa lafiya, uwargida ta gaji tilis, ba wanda zai iya faɗin abin da ya gani sai cikin mota da bakin iyaka.

Domin bayani ya fito fili, bari mu ɗauki hanyar da ta fi sauƙi ga ɗan Nijeriya, watau wadda ta bi gaɓar teku daga Ikko zuwa Kwatano a Jamhuriyar Benin, ta wuce Lome a Togo, ta kai Akra a Gana, birnin da Hausawan can ke kira Ankara. Abin da za mu faɗa a kanta zai yi amfani ga mai niyyar zuwa ko wace nahiya.

Darasin Fatake

Ba yau Bahaushe ya fara ratsa ƙasashe da ayari ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya daga Kano zuwa Salaga, da mata da yara da jakuna. Suna da madugu mai shugabancin ayari, da jagaba mai wucewa gaba, suna kuma da zango inda ake sauke kaya a huta, da fatoma mai saukar da baƙi a gari. Ayari kuwa ba ya wuce saurin wanda ya fi kowa rauni a cikinsa, domin ba a barin kowa a daji.

To, maigidan da ya ɗebi iyali shi ne madugu. Bai kamata ya fara da tambayar ƙasa nawa za a taka ba. Tambayar farko ita ce, awa nawa autan gidan zai iya zama cikin mota kafin ya fara kuka? Amsar wannan ita za ta yanke masa tsawon kowane zango.

Takardu Kafin Kaya

Bisa yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a 1979, ɗan Nijeriya yana iya shiga Benin da Togo da Gana ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma wajibi ne kowane mutum ya riƙe fasfo nasa na kansa, har da jinjirin da ke goye. Tun da yake fasfo ba ya fitowa rana ɗaya, a fara nemansa wata uku kafin tafiya, a kuma duba kwanan watan ƙarewar na manya.

Abu na biyu shi ne katin rigakafin ciwon shawara, wanda ake tambaya a iyakokin nan. Ana yi wa yaro wannan allura daga wata tara da haihuwa, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta, saboda haka wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan kuma ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai tafi da yaran, ko akwai ɗan riƙo a cikinsu, to, a riƙe takardun haihuwa da rubutaccen izinin iyayen da ba su zo ba, domin jami'ai suna sa ido ƙwarai kan masu safarar yara. Mai zuwa da motarsa kuwa yana bukatar inshorar ECOWAS da cikakkun takardun motar.

Rabon Kwanaki

Daga Ikko zuwa Kwatano kimanin kilomita 120 ne, daga Kwatano zuwa Lome wajen 150, daga Lome zuwa Akra wajen 190. A kan taswira abin kamar wasa, har akwai manyan motocin da ke ɗaukar fasinja daga Ikko su sauke a Akra a tafiya ɗaya. Amma a tsakani akwai iyaka uku, ta Seme, da ta Hilakonji, da ta Aflawo, ga shingayen bincike, kuma ba wanda ya san awa nawa zai ɓata a kowace. Abin da ɗan kasuwa zai jure shi kaɗai, yaro ɗan shekara huɗu ba zai jure ba.

Saboda haka ga ƙa'idoji uku. Na ɗaya, kada a ƙetare iyaka fiye da ɗaya a rana, kuma a isa gare ta da safe. Na biyu, kada a kwana ƙasa da biyu a masauki, domin ɗaure kaya da kwance su shi ne ke cinye ƙarfin uwa. Na uku, ranar da aka yi tafiya ba ranar yawo ba ce: a isa, a yi wanka, a ci abinci, a kwanta.

Idan hutun na mako biyu ne, ana iya raba shi kamar haka. Wanda ya taso daga Arewa ya kwana ɗaya a Ikko. Sa'an nan kwana uku a Kwatano, biyu a Lome, biyu a Akra, biyu a Cape Coast mai nisan kimanin kilomita 145 yamma da Akra, sa'an nan a komo Akra a yi ukun ƙarshe. Kwana 13 ke nan. Komowa gida kuwa gara a yi ta jirgin sama, wanda ba ya wuce kimanin awa guda zuwa Ikko, gama maimaita iyaka uku da gajiyayyun yara ba hutu ba ne. Wanda kwanakinsa ba su wuce bakwai ba, ya haƙura da Gana sai wata shekara, taura biyu ba ta taunuwa.

A kowace rana a zaɓi abin kallo guda ɗaya tak, a je shi da sanyin safiya, a komo masauki kafin azahar ƙanana su yi barci. A kuma lura agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya, ko da yake cikin yaro bai san da wannan ba, zai nemi abinci a lokacin da ya saba. Sa'ar da aka yi ita ce, a gaɓar tekun nan ruwan sama yakan ɗan tsagaita a watan Agusta, gari ya yi sanyi, daidai lokacin hutun makaranta.

Abin Da Ya Dace Da Kowane Yaro

A kusa da Kwatano akwai Ganbiye, garin da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, wanda mutanensa suka kafa domin tsira daga masu kamen bayi na Dahome. A kwalekwale ake zuwa, har kasuwarsu ma a kan ruwa take ci, kuma ba yaron da zai manta da shi. Amma kada a shiga jirgin sai an ga rigar ruwa ta kowane yaro. A Wida kuma akwai hanyar da ake bi da bayi zuwa bakin teku, inda aka gina ƙofar tunawa da su a 1995.

Lome wurin hutawa ne. Tsohuwar fadar gwamnonin Jamus, wadda aka gyara aka buɗe wa jama'a a 2019, tana da lambu mai faɗi inda yara za su sake. Uwargida kuma ta samu rana guda ta shiga kasuwar atamfa ba tare da yara suna jan zanenta ba, maigida ya zauna da su. A Akra akwai makwancin Kwame Nkrumah, da babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021.

A yankin Cape Coast ne ake bukatar hankali. Ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da ta Cape Coast, suna da kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare kakannin baƙaƙen fatar Amurka. Darasi ne babba ga ɗan sakandare, amma duhu da labarin wurin suna iya firgita ƙaramin yaro. Haka nan gadar igiya ta dajin Kakum, mai tsawon kimanin mita 350 a saman itatuwa, ta manyan yara ce. A irin waɗannan wurare sai iyali su rabu biyu, a sake haɗuwa wurin cin abinci. Teku kuwa a tsaya ga kallonta, domin igiyar ruwan gaɓar nan tana jan ko gwanin iyo.

Zaɓen Masauki

Ga mai yara uku ko huɗu, hayar gida mai ɗaki biyu da wurin girki ta fi ɗakuna biyu a otal, ko don a dama wa yaro kunu da asuba a kuma wanke tufafi. Kafin a biya, a tambaya a rubuce: gado nawa ne, akwai janareto, akwai ruwa kullum, akwai gidan sauro, hawa na nawa ne? Idan akwai wurin iyo, shin an kewaye shi? A nemi wanda za a iya fasa shi ba tare da asarar kuɗi ba, domin zazzaɓin yaro ɗaya yana iya rushe tsarin kwana uku. A Akra kuma a kama wuri ɗaya zuwa da komowa, a bar manyan akwatuna a can a tafi Cape Coast da 'yar jaka.

Masaukin da ke kusa da zango yana da riba. Akwai unguwar Zango a Kwatano da Lome, akwai Nima da Sabon Zango a Akra, inda za a ji Hausa, a samu masallaci da naman da aka yanka bisa shari'a. Can ne yaron da ya ƙi baƙon abinci zai samu koko da ƙosai, da tuwon zafi, da shinkafa da wake wadda mutanen Gana ke kira wace. Amma kada a sauke wa ɗan'uwa mutum bakwai mako guda don gudun kuɗin masauki. A kai ziyara da tsaraba, a koma inda aka kama, zumunci ya fi daɗewa.

Kuɗi Da Lafiya

Benin da Togo kuɗinsu ɗaya ne, watau sefa, Gana kuwa sidi take kashewa. A canza kaɗan a bakin iyaka na mota da ruwan sha, sauran a bari sai cikin gari. Kada a dogara ga katin banki kaɗai, kuma a raba kuɗin tsakanin miji da mata, a keɓe wani kaso da ba za a taɓa ba sai larura. A iyaka kuwa kada a miƙa fasfo sai ga jami'i mai kayan sarki, a kuma duba an buga wa kowanne hatimi kafin a tashi. Soket ɗin lantarki na Benin da Togo irin na Faransa ne mai ƙafa biyu, na Gana ne irin namu, saboda haka a tafi da adafta.

A jakar hannu a sa maganin zazzaɓi na yara, da garin gishiri da sukari na gudawa, da man korar sauro. Ruwan kwalba kaɗai za a sha. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar. Kowane yaro kuma a sa masa 'yar takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayar uba, da Faransanci da Ingilishi.

Daga ƙarshe, a komo gida aƙalla kwana huɗu kafin a buɗe makaranta. Idan an zauna ana rabon tsaraba, maigida ya tambayi autan abin da ya gani. In ya ba da labarin kasuwar kan ruwa da bakinsa, to, kuɗi sun biya. Ƙasar da ba a kai gare ta ba bana tana nan ba ta gudu, tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.