Jemagen da na kora daga garkata, ashe ma'aikacina ne

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina sana'ar kayan marmari a nan Kwatano. Gidana yana Houéyiho, rumfata tana kasuwar Dantokpa. Da Allah ya hore mini, na sayi 'yar garkar mangwaro da lemu a wajen Parakou, na damƙa wa ƙanena ya kula da ita.

A garkar akwai wata tsohuwar kuka mai kogo. Da magariba ta yi, sai ka ga ƙananan jemagu suna fitowa daga cikinta kamar hayaƙi. Ni dai tun ina yaro na san jemage ɓarawon mangwaro ne, don haka na ce wa ƙanena: "Kai, ku turara musu hayaƙi, ku toshe ramin nan." Aka yi. Yara suka bi ragowar da danƙo.

Da damina ta zagayo, ɓarna ba ta ragu ba, kuɗin maganin feshi kuwa sai ƙaruwa. Ba zan rantse cewa korar jemagu kaɗai ce sanadi ba. Amma wani malamin gona da ya leƙo garkar ya duba kashinsu a gindin kukar, ya murje shi da tsinke, ya nuna mini. Ba ƙwallon ɗan itace ko ɗaya, sai ɓarɓashin fukafukan ƙwari. Ya ce: "Alhaji, masu gadinka ka kora." Rashin sani ya fi dare duhu.

Ashe jemage iri biyu ne. Akwai babba mai fuska kamar ta kare da manyan idanu, irin waɗanda ke rataye a itatuwan asibitin sojoji na 37 a Akara. Shi ne mai shan mangwaro. Akwai kuma ƙarami, wanda bai cika tafin hannu ba, mai kwana a kogon itace ko rufin ɗaki. Wannan ƙwari kawai yake ci. Yana fitar da wata ƙara da kunnenmu ba ya ji, amsa-kuwwarta ta nuna masa inda ƙwaro yake a cikin duhu. A dare ɗaya yakan cinye abin da ya kai kusan rabin nauyin jikinsa, kuma yawancin matansu ɗa ɗaya suke haifa a shekara. Idan ka hallaka su, ba sa saurin dawowa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Afirka ta Kudu, masana na Jami'ar Venda sun gano jemagu suna cin ƙwarin da ke ɓata gonakin makadamiya a yankin Levubu. A Amurka kuma, wani bincike na 2011 ya ƙiyasta cewa aikin da suke yi wa manoma ya kai aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara. Mu ma nan muna da maƙiya masu yawon dare. Tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Benin da Najeriya a 2016, uwarta da dare take tashi ta saka ƙwai.

Sai dai kada a ce Alhaji ya ce jemage maganin komai ne. Ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa da rana yake yawo, lokacin da jemage ke barci. Maganinsa a tsince 'ya'yan da suka faɗo a binne su da zurfi. A kuma bar jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi sheƙa, domin masu bincike a Benin sun nuna a 2007 cewa inda suka yi yawa, ɓarnar ƙudan tana raguwa.

'Yan'uwa masu garka a gida, ku aika wa masu kula muku da ita: kada a sare tsohon itace mai kogo, kada a yi feshi barkatai, a hana yara harbi. Kada kuma kowa ya taɓa jemage da hannu ko ya ci namansa, don yana iya ɗaukar cuta. Wanda ya cije shi, ya wanke wurin da sabulu ya garzaya asibiti.

Bara na sa an buɗe kogon kukar nan. Ƙanena ya ce sun fara dawowa, kaɗan-kaɗan. Allah ya sa mu gane masu amfanarmu tun kafin mu kore su.