Arba'in Ɗin Mai Jego: Hatsarin da Ke Zuwa Bayan An Yi Barka

A Daurawa, kamar sauran unguwannin Tarauni, da zarar an ji kukan jariri aka ce an sauka lafiya, hankalin gida ya kwanta. Maigida ya shiga lissafin rago da goro, mata su ɗora tukunyar ruwan wanka, 'yan barka su fara tururuwa. Ita kuwa wadda ta haihu, an ɗauka ta tsallake. Likitocin mata sun daɗe da sanin ba haka ba ne: yawancin matan da haihuwa ke ɗauka ba a kan gwiwa suke rasuwa ba, sai bayan sun sauka, musamman a kwanan farko da makon farko. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da ɗaya bisa huɗu na duk duniya. An fi ɗora laifin a kan nisan asibiti da lalacewar hanya, kuma a ƙauye gaskiya ne. Amma wannan uzuri bai kai Daurawa ba. Daga titin Maiduguri, ta Dangi, zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu. Idan matar wannan yanki ta isa gaban likita a makare, ba a hanya aka makara ba, a ɗaki aka makara.

Abin mamakin shi ne Bahaushe ba ya cikin waɗanda ke sakaci da mai jego. Kwana arba'in ake ware mata, a ɗauke mata girki da shara, a dafa mata ƙauri, in haihuwar fari ce a kai ta gida wanka, a sa tsohuwa ta zauna da ita safe da yamma. Ƙasashe da yawa za su so samun irin wannan tsari. Matsalar ita ce abin da idon masu jinyar ya saba dubawa: ruwa ya tafasa? ta sha kunu? nono ya kawo? Ba a koya musu alamomin da ke kashe mace cikin sa'o'i ba, wasu alamomin ma al'ada ta yi musu fassara mai kwantar da hankali. Ba rushe jego ake bukata ba. Masu tsaron ne ya kamata su san abin da suke tsaro.

A fara da jini, domin shi ne kan gaba wajen kisa. Bayan mabiyiya ta fita, mahaifa kan dunƙule ta matse jijiyoyin da ke buɗe. In ta kasa, ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, ko an samu yagewa, jini zai ci gaba da zuba, kuma mace lafiyayya na iya ƙarewa cikin sa'o'i biyu. A asibiti, rabin lita a kwanan farko shi ne iyaka, wato cikin leda ɗaya ta fiya wata. A gida kuwa sai ka ji ana cewa, "Bar shi ya fita, dattin ciki ne." Lallai akwai jinin biƙi na al'ada, wanda malaman Malikiyya ma suka ce zai iya kaiwa kwana 60, amma shi raguwa yake yi kullum, launinsa yana dusashewa daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa fari-fari. Wanda ke jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin sa'a guda, ko yake fitowa da manyan gudaji, ko ya dawo ja wur a mako na biyu bayan ya ɗauke, wannan wani abu ne daban. In aka haɗa da jiri, da bugun zuciya, da gumi mai sanyi, da leɓe ya yi fari, to ba lokacin dama kunu ba ne. Galibin matanmu ma da ƙarancin jini suke shiga naƙuda, saboda zazzaɓin cizon sauro da rashin cin mai kyau, don haka abin da wata za ta zubar ta tashi, wata shi ne ajalinta.

Wani zai ce tsofaffi sun ga haihuwa ta fi a ƙirga, in jini ya yi yawa ai za su gane. Amsar wannan daga Kano ta fito. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Malam ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, da aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, aka wallafa sakamakonsa a 2023. Tushen binciken shi ne ko ƙwararrun ungozomomi, in da ido suke kintace, sukan raina yawan jinin da ya zuba. Sai aka riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mace tana tara jinin, da ya kai layi a haɗa dukkan matakan tsayar da shi lokaci guda: murza mahaifa, allurar da ke matse ta, allurar da ke hana jini tsinkewa, ƙarin ruwa, da duba inda ya yage. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. In idon ma'aikaciyar da ta yi shekaru a ɗakin haihuwa yana yaudararta, ina ga idon kaka a ɗaki mai duhu, jini yana nutsewa cikin zannuwa da katifa? Ita allurar hana tsinkewar jinin ma, amfaninta yana cikin sa'o'i uku na farko ne. Wannan shi ya sa ake so mace ta kwana ɗaya cur a asibiti bayan haihuwa, ko da 'yan uwa suna ƙofa suna cewa ruwan wanka zai huce.

Na biyu ita ce jijjiga. Mutane sun san ta da mai ciki, ba su cika sanin tana kama mai jego ba, har wadda jininta bai taɓa hawa ba a wurin awo. Ba ta zuwa babu sallama: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da ta faɗi tana taune harshe sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi, a tura cokali a baki, a nemi mai ruƙiyya. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yin ta a cikin mota. Abin da za a yi mata shi ne a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a sa mata komai a baki, a kai ta inda ake da allurar maganiziyam. Da aka shigar da wannan allura asibitocin gwamnatin jihar Kano guda 10 a 2008, mace-macen masu jijjiga ya sauko daga kusan 1 cikin 5 zuwa ƙasa da 3 cikin 100. Ciwon da allura mai araha ke kashe kaifinsa haka ba iska ba ne, daga hawan jini yake.

Sai kuma zuciya, inda gardamar wankan jego da kunun kanwa take. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana cewa kusan mace 1 cikin 100 tana kamuwa da gazawar zuciya bayan haihuwa, adadin da ya yi wa na Turai da Amurka fintinkau. Suka ɗora zargi a kan gishirin kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Daga nan maganar ta zama karatu. Sai ga wani bincike na asibitocin Najeriya da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Malam ya jagoranta, wanda ya fito a 2020: ciwon yana nan da yawansa a Kano, amma bai ga alaƙarsa da wanka ko kunu ba. Abin da ya gani shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin ciki. Masu kare al'ada suna da abin kafa hujja ke nan, kuma adalci ne a faɗa. Amma hujjar ba ta kai inda suke so ta kai ba. Ko da kanwa ba ita ke haddasa ciwon ba, gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ko jinin da ya riga ya hau ba sa son ƙari. Tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya kuwa yana ƙona fata, yana sumar da wadda jininta ya yi ƙasa, yana ɓata ɗinki. Ruwan ɗumi ya isa. Babbar illar ma ba a kunu take ba, tana cikin fassarar da ake yi wa alamomin. Mace ta kumbura ƙafa, tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi uku, sai a ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Alhali huhunta ne ke cika da ruwa. Wannan ciwo yakan bayyana har watanni biyar bayan haihuwa, ana gano shi da hoton zuciya, kuma da yawa suna samun sauƙi in an fara magani da wuri.

Zazzaɓi ga mai jego kada a yanke masa hukuncin maleriya a kemis, balle in akwai ciwon mara da jini mai wari, ko ɗinkin tiyata ya yi ja yana ruwa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, gudan jini ne a jijiya, ba a murza shi. Wadda ta sha doguwar naƙuda ta ga fitsari yana bin ƙafarta, kada kunya ta sa ta ɓoye: ƙaramar ɓula sabuwa takan haɗe da robar fitsari kawai in an sa da wuri, babba kuma ana ɗinke ta a cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala, ko Babbar Ruga a Katsina. Wadda ta daina barci, take kuka babu dalili, ko take gudun jaririnta, ita ma likita take bukata.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi da wulaƙanci, kuma ba ƙarya ba ne. Asibitin koyarwa irin na Malam ba kyauta yake ba. A na jiha, duk da tsarin haihuwa kyauta, akan rubuto wa mutum abin da zai sayo a waje. Akwai layi, akwai ma'aikaciyar da gajiya ta sa bakinta ya yi kaifi, akwai daren da za a ce a nemo masu ba da jini. Waɗannan haƙƙoƙi ne da ya kamata a ci gaba da bin hukuma a kansu. Sai dai lissafin bai goyi bayan zama a gida ba. Gwajin hawan jini da ƙwayoyi a rana ta uku ba su kai kuɗin buhun gawayin wanka ba. Kwana a ɗakin kulawa ta musamman da leda huɗu ta jini kuwa sun fi kuɗin suna gaba ɗaya. Akwai kuma jinkirin da ba na kuɗi ba: mace tana zubar da jini ana jiran maigida ya dawo daga Kantin Kwari ya ba da izini. Wannan magana tun cikin wata na takwas ya kamata a gama ta. Miji ya faɗa a gaban uwarsa da surukarsa cewa ko ba ya nan a fita da ita, a ajiye lambar mai adaidaita sahun da zai ɗaga waya da tsakar dare, a san 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini, a cire kuɗin gaggawa kafin a sayi atamfar fitar suna. Masu cewa kwana in ya ƙare ya ƙare sun faɗi gaskiya, amma ba wanda ya taɓa barin gobara tana ci saboda wannan dalili.

Wadda ta tsira ma ba ranar sallama take warkewa ba. Bayan zubar jini mai yawa, jiki kan ɗauki watanni kafin ya mayar, shi ya sa ake son ta ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini har kusan wata uku, ga hanta da wake da zogale da kifi a kwano, ba kunu da yaji kaɗai ba. In nono ya ƙi zuwa sam bayan irin wannan zubar jini, ga kasala da ba ta ƙarewa, a gaya wa likita. Mai hawan jini kada ta ajiye magani don ciwon kai ya tafi. Wadda aka yi wa aiki ta guji ɗaukar bokitin ruwa na makonni, kuma haihuwarta ta gaba a asibiti ce. Mai ciwon zuciya kuwa sabon ciki kafin zuciyar ta dawo daidai yana iya zama na ƙarshe, don haka tazarar shekara biyu da ake shawartar kowa, gare ta magani ce, kuma da mijin za a yi zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a duba mai jego a rana ta biyu zuwa ta uku, sannan tsakanin rana ta 7 da ta 14, sannan a mako na shida. Na ƙarshen ya faɗo daidai da yawon arba'in. Tunda ranar dama za a yi kwalliya a zaga dangi daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku, sai a fara da asibitin da aka yi awo, da katin a jaka, a gwada jini, a duba ɗinki, a yi wa jariri rigakafin mako shida.