Piper Malibu: Ƙaramin Jirgin Da Ya Hau Sararin Manya

 A wannan makon mun kawo muku tarihin wani ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya da kujeru shida, mai suna Piper Malibu.

Bari mu fara da darasin kimiyya. Duk sanda mutum ya ƙara yin sama, iska tana ƙara yin ƙaranci. A tsayin ƙafa 18,000, matsinta bai wuce kusan rabin na bakin teku ba, kuma mutum zai iya suma. Amma can sama jirgi ya fi gudu, kuma yakan wuce ta saman gajimare da yawa. Maganin shi ne a toshe jikin jirgin kamar tayar mota, a riƙa tura masa iska. Manyan jirage sun daɗe da haka. Ga ƙanana kuwa, nauyi da tsada ne suka hana.

Kamfanin Mooney na Amurka ya gwada da jirginsa Mustang a shekarun 1960, amma 'yan ƙalilan aka sayar, kuma da asara. A 1978 Cessna ya ƙarfafa jikin wani jirginsa da aka riga aka sani, ya fitar da P210. Shi kuwa Piper sabon jirgi ya zana tun daga tushe. Samfurin farko ya tashi a 1979, aka fara sayarwa a 1983. Na'urar da ke matsa wa injin iska ita ce ke ba ɗakin fasinja nasa rabon. Saboda haka jirgin yana ƙafa 25,000, amma na ciki suna numfashi kamar suna ƙafa 8,000.

Sai dai tsakanin 1989 da 1991 an yi jerin haɗurra, wasu jiragen suka tarwatse a sama, aka rasa rayuka. Hukumomin Amurka suka sake gwada jirgin, suka tarar ƙirarsa lafiya take. To ina matsalar? Akwai ɗan bututu a ƙarƙashin fiffike mai auna gudun jirgi, yana da hita don kada ƙanƙara ta toshe shi. Masu bincike sun ce da alama matuƙan ba su kunna hitar ba. Ma'aunin ya yi musu ƙarya, jirgi ya ƙwace. Da yawansu sun saba da tashi ƙasa-ƙasa ne, ba su sami horon da ya dace da wannan tsayin ba. Daga nan aka ba horo muhimmanci, kuma har yau ana ƙera jikokin Malibu a garin Vero Beach na jihar Florida.

Don haka duk wanda ke burin zama matuƙi ko injiniya a cikinmu, ya riƙe wannan: rayuka sun salwanta ne a kan maɓalli ɗaya da aka manta. Ranar da malam ya ce mu bi matakan gwaji ɗaya bayan ɗaya a ɗakin kimiyya, kada mu tsallake ko guda.