Jinin Jarirai Da Sabon Maganin Sikila

Duk gidan da ke da mai ciwon sikila, wato amosanin jini, an san cewa jariri ba ya nuna alamar komai a watanninsa na farko. Sai ya kai kamar wata shida sannan a fara ganin hannuwa da ƙafafu suna kumbura, yaro na ta tsala kuka ba a san inda ke masa ciwo ba. Likitoci sun daɗe da lura da wannan jinkiri, kuma bin diddiginsa ne ya kai masana ga maganin da a yau ake ganin zai iya tumɓuke cutar daga tushe.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Mai sikila ya gaji wata 'yar tangarɗa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wannan sinadari, daga uwa da uba duka. Da zarar iska ta yi ƙaranci, sai himogulobin ɗinsa ya dunƙule, ƙwayar jinin ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi da na ƙirji ke tasowa. Lafiyayyar ƙwayar jini kan yi kwana 120 tana aiki, amma ta mai sikila da ƙyar take wuce kwana 20. Shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, idanunsa kuma su yi rawaya.

To me ke kāre jariri? Ɗan tayi yana da nasa nau'in himogulobin dabam, wanda ake kira F, kuma shi ba ya dunƙulewa. Bayan haihuwa jiki kan rage yin sa sannu a hankali, ya koma yin irin na manya, wanda a jikin mai sikila shi ne gurɓataccen. A shekarar 2008 masu bincike a birnin Boston na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Stuart Orkin, suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce makunnin da ke kashe himogulobin F. Ke nan in aka hana ta aiki, jiki zai koma yin jinin jarirai ko da mutum ya girma.

Hanyar taɓa ta ta fito ne daga inda ba a zata ba. Ƙwayoyin baktiriya suna da dabarar kare kansu: sukan gane ƙwayar gadon birus ɗin da ya kawo musu hari, su datse ta. A 2012 Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa da Jennifer Doudna 'yar Amurka suka nuna cewa ana iya saita wannan dabara, mai suna CRISPR, ta yanke duk wurin da ake so a ƙwayar gado. Aikin ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2020.

Maganin da aka gina a kan haka, Casgevy, ba ƙwaya ba ce da za a haɗiya da ruwa. Da farko ana ba majiyyaci maganin da zai fito da ƙwayoyin da ke haifar da jini daga cikin ɓargo, sai na'ura ta tace su daga jininsa. A kai su ɗakin bincike a yi musu gyaran da zai danne BCL11A, abin da kan ɗauki watanni. Kafin a mayar masa da su, sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don a share tsohon ɓargon. Gashi kan zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa, har mutum na iya rasa haihuwa. Daga nan a ɗura masa ƙwayoyinsa da aka gyara, ya yi makonni a asibiti kafin sabon jini ya kankama.

Sakamakon gwajin da aka yi wa maganin ya ba da mamaki. Cikin mutum 31 da aka bibiya tsawon lokacin da ake bukata, 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Birtaniya ta amince da maganin a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama. Shi ne magani na farko a duniya da aka yi da CRISPR kuma hukuma ta amince da shi.

Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da na kwanciya. Alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara. Kuma gyaran a ɓargo ya tsaya: wanda ya warke zai iya gadar wa 'ya'yansa ƙwayar sikila. Masana na neman hanyar yin gyaran da allura kai tsaye a cikin jiki, amma da sauran aiki.

Abin farin cikin shi ne akwai tsohon magani mai sauƙin kuɗi, haidiroksiyuriya, wanda shi ma ƙara himogulobin F yake yi, ko da yake sauƙaƙa cutar yake ba warkar da ita ba. An gwada shi a nan gida. Likitocin Kano da Kaduna, ciki har da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bibiyi yara 220 da awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna kaɗan ne ƙwarai abin ya same su, ko an ba su ƙaramin ma'auni ko matsakaici. Wannan babban sauƙi ne a inda ƙarin jini duk wata don hana shanyewar ya fi ƙarfin talaka.

Saboda haka iyaye su kai yaro asibitin masu sikila tun da wuri, su tambayi likita game da wannan magani da awon jijiyoyin kai, su kiyaye shi daga sauro, su yawaita ba shi ruwa. Masu shirin aure kuwa su sani cewa idan namiji da mace duka AS ne, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai ɗauke wa sauran ba. Gwajin jinin da ke nuna haka ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma ya fi dacewa a yi shi tun kafin manya su shiga maganar, don rigakafi ya fi magani.