Kujera ɗaya, mutum 100,000: lissafin wakilcin Dakoro a Majalisar Dokoki

Duk wanda ya zauna rumfar mai shayi a Dakoro lokacin zaɓe ya san tambayar da ake yawan yi: "To, me ɗan majalisarmu ya tsinana mana a Yamai?" Amsarta tana buƙatar a san yadda ake rabon kujerun kafin juyin mulkin 2023, da abin da ya kamata a ƙirga cikin aikin mai riƙe da su.

Daga 83 zuwa 171

A 1993 Majalisar Dokokin Nijar tana da kujeru 83. A 2004 suka koma 113, a zaɓen 2016 kuma suka kai 171. Ƙidayar 2012 ta nuna ƴan ƙasa sun ɗan haura miliyan 17, ke nan a lokacin kowace kujera tana tsaye ne a madadin mutum kusan 100,000. Daga cikin 171 ɗin, 158 na jihohi takwas ne, takwas na mazaɓu na musamman domin ƙananan al'ummomi, biyar kuma na ƴan Nijar mazauna waje.

Sama da 600,000

Yawan jama'ar gundumar Dakoro ke nan a ƙidayar 2012, cikin kimanin miliyan 3.4 na jihar Maradi. Da ma'aunin can na sama, nauyin Dakoro ya kai na kujeru shida. Sai dai doka ba ta ware wa gundumar ko da kujera ɗaya da sunanta ba. Har zuwa 2023, jihar Maradi gaba ɗaya mazaɓa guda ce mai kujeru sama da 30. Manomin Kornaka ko na Sabon Machi jam'iyya yake jefa wa ƙuri'a, ita kuma ta samu kujeru gwargwadon ƙuri'unta cikin jerin sunayen da ta tsara. Shi ya sa ɗan takara kan fi jin tsoron uwar jam'iyya a kan mai ƙuri'a.

Bermo ta bambanta. Har zuwa 2011 tana cikin Dakoro, jama'arta ba su kai kashi ɗaya bisa goma na Dakoro ba, amma a wancan tsarin tana da kujera ta musamman domin makiyaya. A can kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kalla Ankourao

Cikin ƴan siyasar Dakoro da suka yi nisa akwai Kalla Ankourao na jam'iyyar PNDS-Tarayya, wanda aka haifa a 1946. Ya zauna majalisa yana ɓangaren adawa zamanin Shugaba Tandja Mamadou, ya riƙe ma'aikatar ayyuka daga 2011 zuwa 2012, ya zama ministan harkokin waje daga Afrilun 2018 zuwa ƙarshen 2020. A 2021 ya zama mataimaki na farko na shugaban majalisa, Seini Oumarou, bayan PNDS ta samu kujeru 79 a zaɓen 27 ga Disamba 2020, ƙari a kan 75 na 2016. Wa'adin wannan majalisa wata 60 ne, amma wata 28 kacal ta ci kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe ta.

Jerin muƙamai abu ne mai sauƙin tattarawa, kuma shi ake karantowa a wajen gangami. Abin da mai zaɓe ya fi buƙata shi ne yawan ƙudurorin da wakilinsa ya gabatar, tambayoyin da ya yi wa ministoci, da gyaran da ya sa aka yi a kasafin kuɗi.

1961, 1993, 2010

Dakoro tana bakin kwarin Tarka, inda gona ke haɗuwa da makiyaya. Dokoki uku ne ke hukunta rayuwar wurin: ta 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, ta 1993 kan filayen karkara, da ta 2010 kan kiwo. Biyu na ƙarshe duk gwamnatocin riƙon ƙwarya ne suka zartar da su, lokacin da babu zaɓaɓɓiyar majalisa. Wato burtali, rijiya da mashaya, abubuwan da ke haddasa rigima duk kaka, an tsara su ba tare da muhawarar wakilan da Dakoro ta zaɓa ba.

Daga 1 zuwa 43

Inda doka ta sa adadi, an ga canji. A 1999 mace ɗaya ce cikin ƴan majalisa 83. Dokar kaso ta 2000 ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin ɗari, aka samu 14 a 2004. Aka ɗaga kason zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019, zaɓen 2020 ya ba mata kujeru 43 cikin 166 da aka cike.

Darasin a bayyane yake: abin da aka ƙirga, shi ake kula da shi. Duk ranar da aka koma ga akwatin zaɓe, mutanen Dakoro suna da haƙƙin neman a riƙa buga aikin kowane wakili, a karanta shi da Hausa, Fulatanci da Tamashek a gidajen rediyon karkara. Mutum 100,000 da suka ba da amanar kujera sun cancanci a dawo musu da lissafi.