Sojojin Cikin Jini da Ciwon Daji

Jama'a, a cikin jinin kowane mutum akwai fararen ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, aikinsu yaƙi da cuta. Mafi yawansu su ne waɗanda likitoci ke kira niyutirofil, don sun kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. A cikin ɓargo ake yinsu. Idan ƙaya ta soke ka a gona, su ne ke fara isa wurin su haɗiye ƙwayoyin cuta. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawarwakinsu ne.

To amma ciwon daji yana da wayo, ya san da ɗan gari kan ci gari. Ƙarin da ya fito yakan saki wasu sinadarai masu kiran sojojin nan. Wasu su yaƙe shi, wasu kuwa ya juya su su koma yi masa bauta. Su taimaka masa ya tsiro da sababbin hanyoyin jini da zai ci abinci, su danne sauran masu tsaron jiki, har su share masa hanyar yaɗuwa. A shekarar 2009 masana a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun gwada a jikin ɓeraye. Da suka toshe ɗaya daga cikin sinadaran, sai sojojin suka juyo kan ƙarin.

Ga inda abin ya shafe mu. Maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya, wato kemo, yana taɓa ɓargo. Sojojin sukan ragu ƙwarai, galibi daga kwana 7 zuwa 14 bayan ɗurin. A lokacin nan ƙaramar cuta tana iya kisa cikin 'yan sa'o'i.

Saboda haka idan mai shan kemo ya yi zazzaɓi, zafin jikinsa ya kai awo 38, ko ya kama rawar ɗari, kada a ce zazzaɓin sauro ne a tafi kemis. Kada a ɓoye zafin da farasitamol. A kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, a gaya wa likita ranar da aka yi masa ɗuri. Akwai kuma allurar da ke sa ɓargo ya ƙara yin sojojin, likita ne zai ce ko ta dace.

A gida a riƙa wanke hannu da sabulu, a tafasa masa ruwan sha, mai mura kuma ya dakata da zuwa dubiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.