Gyaran Insha'i

Ba a tuƙa tuwo da dawa yadda aka yanko ta daga gona. Sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an niƙa, an tankaɗe, sa'an nan a ɗora tukunya. Haka insha'i yake. Rubutun farko tamkar dawa ce a zangarniya: akwai tsaba a ciki, akwai kuma ƙaiƙayi. Aikin raba su shi ake kira gyara.

Dalilin gyara kuwa shi ne wannan. Mai magana yana gaban mai sauraronsa. In ba a gane ba sai a tambaye shi, ya sake. Amma takarda ita kaɗai take tafiya. Inda ta je ba ta da bakin da za ta ce, "A'a, ba haka maigidana yake nufi ba." Abin da aka rubuta shi za a karanta.

A ɗauka malami ya ce wa 'yan aji shida su rubuta insha'i a kan Kasuwar Sara. Yaro mai hankali in ya gama ba ya miƙawa nan take. Yakan ajiye alƙalami ya ɗan huta, in da hali ma ya bari sai gobe, don ido ya fi ganin kuskure bayan ya huta. Daga nan sai ya karanta sau uku.

A karatu na farko ma'ana yake dubawa. Shin duk abin da ya faɗa a kan kasuwar yake? In ya tarar ya shiga labarin ƙwallon da suka buga a hanya, sai ya soke shi, ko da ya yi daɗi. Sa'an nan ya duba jeri: wurin da garin yake, sai 'yan hatsi, sai karar shanu, sai tashin kasuwa, kowanne da sakin layinsa. Ya kuma tabbatar abin da ya faɗa gaskiya ne. In ya rubuta cewa Sara tana cikin Jihar Kano, to, ya yi kuskure. Dā can haka ne, amma tun shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Sara tana cikinta, a Ƙaramar Hukumar Gwaram.

A karatu na biyu sai ya ɗaga murya, don kunne yakan kama abin da ya kuɓuce wa ido. Jimlar da numfashi ya ƙare ba a kai ƙarshenta ba ta yi tsawo, sai a raba ta biyu. Kalmar da ta yi ta dawowa a rage ta. In ya rubuta, "Akwai kaya da yawa a kasuwa," ya tambayi kansa: waɗanne kaya? Gara ya ce gero da dawa da wake da gyaɗa, don mai karatu ya gan su a zuci.

A karatu na uku haruffa da alamomi yake bi, ɗaya bayan ɗaya. Kowace jimla ta soma da babban baƙi, ta ƙare da aya. Sunan gari, kamar Sara ko Birnin Kudu, babban baƙi ake sa masa. Sa'an nan ya lura da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma inda ake raba kalmomi. Ga misali. Uba ya sa ɗansa ya rubuta wa ƙanensa takarda, ya ce ya sayar masa da baƙin sa ranar kasuwa. In yaron ya manta da lanƙwasa, ya rubuta "bakin sa", to, bakin dabbar kaɗai ya ce a sayar. In ya haɗe kalmomin ya rubuta "bakinsa", ya sa uban nasa ya sayar da nasa bakin ke nan. Ɗan kuskure irin wannan yakan jawo dariya a aji, amma a takardar ciniki ko ta jarrabawa hasara yake jawowa.

Kada yaro ya zaci gyara aikin wanda bai iya ba ne. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Malam Abubakar Imam, wanda yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya aika da Ruwan Bagaja, kuma sai da aka bi shi aka gyara kafin a buga. A 1936 ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, yana rubutawa suna dubawa tare da East. In rubutun irin wannan gwani ya bi ta hannun mai gyara, ina ga na ɗan makaranta?

Saboda haka yana da kyau yaro ya ba abokinsa ya karanta masa. Inda abokin ya tsaya ya ce bai gane ba, nan ne wurin gyara, kuma ba abin fushi ba ne. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bayan wannan sai ya kwafe insha'in a takarda mai tsabta, da rubutu mai kyau, ya miƙa wa malam.

Tambayoyi

1. Don me rubutu ya fi magana bukatar gyara?
2. Me ake dubawa a kowane karatu daga cikin ukun nan?
3. Mene ne bambancin "kara" da "ƙara"? A sa kowace a jimla.